A Ɗaure Akuya, Kada A Yanka

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai a kan wata al'ada da na ga tana neman zama da gindinta a cikinmu. Maganar ƙarama ce a ido, amma tana taɓa aljihun ɗalibi, tana taɓa aikinsa, wani lokaci ma har lafiyar jikinsa. Watau maganar ɗan faifan nan mai santsi da ke gaban madannan kwamfutar cinya, wanda a ke shafawa da yatsa, kibiya ta yi tafiya a kan allo. Masu gyara suna ce da shi tocfad. Ni a nan zan kira shi faifan shafa, don kowa ya gane.

Al'adar da na ke nufi ita ce wannan. Da zarar faifan ya fara damun mutum, sai ya saɓi kwamfutarsa ya nufi kasuwa wurin mai gyara, ya ce, "Malam, kashe mini wannan abu, kashewa ta har abada." Mai gyara kuwa ba ya gardama da mai kaya. Sai ya kwance ƙusoshi, ya fizge 'yar siririyar wayar da ta haɗa faifan da cikin kwamfuta, wani ma ya sa almakashi ya datse ta. Mai kaya ya sayi maus, ya komo ɗaki yana murna, wai ya rabu da ƙaya. Ni dai ra'ayina shi ne wannan kuskure ne. Akuyar da ta dame ka da ɓarna, ɗaure ta a ke yi a turke. Ba a yanka ta sai an tabbata ba ta tashi.

Kada wani ya ce ban san zafin abin ba. Na sani sarai, kuma fushin nan yana da dalili. Ɗalibi ya zauna da dare yana buga aikinsa na ƙarshen shekara, idonsa na kan littafi, yatsunsa na kan madannai. Can ya ɗaga kai, sai ya tarar rabin maganar da ya buga ta shige tsakiyar wani sakin layi na sama, ko kuwa shafi guda ya yi baƙi, ya ɓace da danna harafi ɗaya. Ga batir na ƙarewa, ga malami na jiran aiki da safe. Wanda wannan ya same shi sau uku a dare guda, in ya ce zai jefa kwamfutar a kogin Yedzaram, ba zan yi mamaki ba. Amma kafin a yanke hukunci, ai a kan saurari wanda a ke ƙara. To, bari mu ga mene ne faifan nan, kuma laifin wane ne.

Maus ya girmi faifan shafa da shekaru masu yawa. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart shi ya nuna maus ga jama'a a birnin San Faransisko cikin Disamba 1968, na farkon da suka ƙera kuwa da katako aka yi shi. Da aka zo yin kwamfutar da mutum zai ɗauka ya yi tafiya da ita, sai aka ga maus yana bukatar tebur, matafiyi kuwa ba shi da tebur. Aka yi ta dabaru. Kamfanin IBM ya dasa wani ɗan jan tsinke a tsakiyar madannan ThinkPad a 1992. Kamfanin Apple kuma ya sa faifan shafa a kwamfutocinsa na PowerBook a 1994, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Ashe dai faifan ba ado ba ne. An yi shi ne musamman domin mutumin da ba shi da tebur, ba shi da ofis, sai cinyarsa da inuwar itace. In kun duba da kyau, wannan mutumin ai mu ne.

Yadda ya ke aiki kuwa, ba nauyin yatsa ya ke ji ba. A ƙarƙashin santsin nan akwai wata raga ta siraran layukan lantarki. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, saboda haka in yatsa ya taɓa wurin sai ma'aunin ragar ya sāke a daidai nan, kwamfuta ta gane inda yatsa ya ke. Shi ya sa in ka shafa shi da gindin fensir ba ya motsi. Shi ya sa kuma ba ya bambanta yatsa da gefen tafin hannu, ko ɗigon gumi, ko wani lantarki da ya ɓato hanya ya shigo. Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganata, gama masu laifin guda uku ne, kuma faifan ba ya cikinsu.

Mai laifi na farko hannunmu ne. Yawancinmu ba wanda ya koya mana buga rubutu, da ka muka koya. Mu kan kwantar da tafin hannu a gaban madannai kamar mai jiran a zuba masa gyaɗa, gindin babban yatsa yana ta goga faifan. In ya ɗan taɓa shi sau ɗaya, kwamfuta ta ɗauka an ce mata, "Koma can ki ci gaba da rubutu." Ita kuwa ba ta musu. Akawunan dā masu buga tafireta ba su kwantar da hannu haka. A sama su ke riƙe wuyan hannu, yatsu a lanƙwashe. Har yanzu in ka shafa harafin F da na J za ka ji ɗan tudu a kansu, an yi shi ne don manuniyar hagu da ta dama su san mazauninsu ba tare da ido ya duba ba. Ga kuma zafin Mubi na watan Maris da Afrilu, sa'ad da gumi ke tsatsafowa a hannu ko mutum yana zaune. Jiƙaƙƙen hannu a kan faifan shafa, ai kibiya ba ta da zaɓi sai rawa.

Mai laifi na biyu caja ce. Da yawa cikinmu kwamfutar gwanjo mu ke riƙe da ita, ta zo ba tare da cajarta ta asali ba, aka haɗa mu da wata mai araha a kasuwa. Araha kuwa ba ta ado. Irin wannan caja ta kan tura lantarki mai ƙazanta cikin kwamfuta, balle in da janareta a ke caji, ko kuwa soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, ko an karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga rami biyu. Faifan da ke auna ɗan lantarkin yatsa, in wannan ya shigo masa sai ya rikice, kibiya ta riƙa tsalle ita kaɗai kamar mai bori. Gwajin wannan ba ya cin ko kwabo. Zare caja, ka bar kwamfuta a kan batir, ka shafa faifan. In kibiya ta natsu, to, ka kama ɓarawonka. Wanda ya datse faifai ya bar wannan caja, ya bar jaki yana dukan taiki, kuma cajar tana nan tana aikinta a kan sauran kayan cikin kwamfutar.

Mai laifi na uku shi ya fi ba ni tsoro, shi ne kuma babban dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. A kwamfutoci da yawa, musamman siraran nan na zamani, batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan shafa. Batirin litiyam in ya tsufa, ko ya sha zafi, ko ya daɗe a jone da wuta dare da rana, ya kan tara iska a cikinsa ya kumbura. In ya kumbura sai ya turo faifan sama. Alamarsa ita ce faifan ya yi tudu, ko ya yi tauri ba ya dannuwa, ko ya riƙa danna kansa, ko kuwa gefen kwamfutar ya fara buɗe baki, ta ƙi zama daidai a kan tebur. Jama'a, a wannan hali faifan ƙararrawa ya ke kaɗa muku. Kumburarren batir yana iya kamawa da wuta, mu kuwa a kan katifa mu ke ajiye kwamfuta, a ɗakin da mutum huɗu ko shida ke kwana. Wanda ya ga wannan alama, kada ya danna wurin da ƙarfi, kada ya soki batirin da wani abu don iska ta fita. Ya kashe kwamfutar, ya zare caja, ya kai a cire batirin a sa wani. In ya kashe faifan ya ci gaba da harkarsa, ya yi kamar mai gidan da kare ya yi haushi da dare, ya tashi ya kori karen ya koma barci.

To, a ce an duba duk waɗannan uku, mutum kuma ya ce shi dai maus ya fi so, faifan ya ishe shi. Wannan ba laifi ba ne, kowa da irin hannunsa. Turaku suna nan iri iri, daga gajere zuwa dogo, kuma kowannensu ana iya kwance shi.

Na ɗaya, a kwamfutoci da yawa akwai maɓalli a layin sama mai hoton faifan. In ka danne Fn ka taɓa shi, faifan ya mutu, ka sāke taɓawa ya farfaɗo. A wasu tsofaffin HP kuwa, ƙwanƙwasa kusurwar faifan ta sama daga hagu sau biyu a ke yi, wata 'yar fitila ta kama.

Na biyu, a Windows 10 da Windows 11, danna maɓallin Windows tare da harafin I, ɗakin saiti zai buɗe. Shiga sashen na'urori, ka nemi na tocfad. A nan akwai makunni na kashe shi gaba ɗaya. In kwamfutarka ba ta tsufa ƙwarai ba, za ka ga wani ɗan akwati da ke cewa a bar faifan a kunne ko an jona maus. Cire alamar da ke cikinsa. Daga ran nan, in ka soka maus faifan ya yi barci, in ka zare ya farka da kansa. A ganina wannan ya fi duk sauran dabaru, gama ya ba mai son maus abin da ya ke so, bai kuwa hana shi komai ba. A wannan ɗaki kuma ana iya rage wa faifan saurin ji, ana iya hana shi ɗaukar ƙwanƙwasa a matsayin danna. Ku lura da wannan na ƙarshe. Yawon kibiya ba ya ɓata rubutu, ƙwanƙwasar ce ke ɗauke wurin rubutu ta kai wani layi. In an hana ta, yawancin ɓarnar ta ƙare.

Na uku, akwai wurin da a ke kira Dibais Manaja, inda Windows ke jera dukan kayan da ke jikin kwamfuta. Ana iya dakatar da faifan daga can. Amma a yi hankali, dakatarwa dabam, gogewa dabam. Wanda ya goge direban faifan, watau 'yar manhajar da ke sarrafa shi, sau da yawa da ya sāke kunna kwamfuta sai Windows ta mayar da shi da kanta. Wannan ne ke sa wasu su ce abin yana da taurin kai, su fusata su nufi almakashi.

Na huɗu shi ne dogon turke. Da ka kunna kwamfuta, kafin Windows ta tashi, akwai wani ɗaki da a ke kira Bayos. A Dell da F2 a ke shigarsa, a HP da F10, a ThinkPad da F1. A cikin wasu kwamfutoci akwai wurin kashe faifan a can, in kuwa aka kashe shi daga nan, ko an sāke zuba Windows sabuwa ba zai tashi ba sai mai shi ya koma ya tashe shi. Ga mai neman kashewa ta dindindin, wannan ta ishe shi. Sai dai wanda bai saba ba ya nemi wanda ya sani ya tsaya a kansa, kada ya je gyaran gira ya tsone ido.

Yanzu sai wani ya ce, "To, in sakamakon duk ɗaya ne, mene ne laifin datsewa?" Ai ba ɗaya ba ne, ga dalilaina.

Da fari, mu malamai za mu zama, kuma ba duka za a bar mu a cikin gari ba. In lokacin gwajin koyarwa ya zo, wani Gella za a tura shi, wani Muchalla, wani Mayo Bani, wani Maiha, wani can gindin duwatsun Mandara kusa da iyakar Kamaru. Maus ɗin kasuwa kuwa kun san ƙarkonsa. Wayarsa ta kan karye daga ciki, mara waya kuma batirinsa ya ƙare, ko ɗan ƙaramin abin da a ke sokawa ya faɗi cikin yashi. Ran da wannan ya faru, ga darasi gobe da safe, ga mai duba aiki yana tafe, wanda ya ɗaure faifansa zai kwance shi ya ci gaba. Wanda ya datse fa? Sai ya jira ranar kasuwa, ko ya biya kuɗin mota zuwa Mubi ya komo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu mutanen wannan gari, da muka ga ƙarshen Oktoba na 2014, sa'ad da jama'a suka fita da ƙafa da abin da hannu ya iya ɗauka kaɗai, bai kamata a koya mana amfanin kayan da ya cika da kansa ba.

Na biyu, kwamfutar ɗalibi ba tasa ce shi kaɗai ba. Wani iyayensa buhunan masara suka sayar, wani ɗan maraƙi aka kai kasuwar shanu kafin a saya masa. Abokan ɗaki suna ara, in ya gama kuma ƙanensa ko ƙanwarsa ke gāda. In kuwa ta kai ga sayarwa, mai saye zai shafa faifan tun kafin ya tambayi kuɗi, da ya ji shi a mace sai ya karya farashi, ya kuma yi zaton akwai wata cutar da a ke ɓoye masa. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya.

Na uku, buɗe cikin kwamfuta ba wasa ba ne. Maƙallan da ke riƙe da waɗannan siraran wayoyi ƙanana ne ainun, in ɗaya ya karye gyaransa ya fi ƙarfin yawancin masu gyara. A wasu kwamfutocin Apple ma, saƙon madannai ta jikin faifan ya ke bi, wanda ya cire wayar faifai sai ya tarar madannai su ma sun yi shiru. Ka je neman sauƙi, ka komo da kuturu da makaho.

Ban ce babu ranar yanka ba. In ruwa ko shayi ya shiga faifan ya lalace sarai, yana danne-danne shi kaɗai, an gwada turakun nan duka bai tsaya ba, kuɗin sabo kuwa babu, to, a cire wayar. Amma a cire ta a hankali daga maƙallinta, a naɗe bakinta da salatif, a bar ta a ciki, a kuma gaya wa duk wanda kwamfutar za ta koma hannunsa. Almakashi dai ba shi da aiki a nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wanda bai ruɓe ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu a matsayinmu na masu koyon koyarwa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka a kan kwamfuta. Da ta ga yara da yawa, musamman na ƙauye, maus yana ba su wahala, a 2017 ta shirya yadda za a amsa tambayoyi da haruffa takwas kawai, ba sai an taɓa maus ba. Jarrabawar hukumar rajistar malamai, watau TRCN, wadda mu kanmu za mu zauna, ita ma a kan kwamfuta a ke yinta. Yaran da za a damƙa mana, wata rana za su zauna gaban kwamfutar da ba su taɓa gani ba, wata da maus, wata da faifai. Malamin da ya kashe faifansa don bai iya shi ba, yaya zai koya wa yaro? Abin da ya fi wannan ma, yara suna koyon halin malami fiye da abin da ya rubuta a allo. In suka ga malaminsu, duk abin da ya gagare shi sai ya datse, haka za su tashi. In kuwa suka ga ya kan tsaya ya tambaya, "Me ya jawo wannan?", ya gwada abu ɗaya ɗaya har ya gano, to, sun koyi kimiyya ko da ba a buɗe littafi ba.

Saboda haka ina da roƙo guda uku. Ga hukumar kwaleji, ina roƙon a sa koyon buga rubutu da yatsu goma cikin darasin kwamfuta na 'yan shekarar farko, tare da maɓallan gaggawa, kamar Ctrl da S na adana aiki, da Ctrl da Z na komo da abin da ya ɓace. Wannan na biyun kaɗai ya isa ya share hawaye da yawa a ɗakunan kwana. Ga ƙungiyar ɗalibai, ina roƙon a keɓe yamma ɗaya kowane zango, waɗanda suka san kan abin su zauna su duba wa 'yan'uwa caja da batir kyauta. Ga masu gyara na cikin gari kuma, waɗanda mu ke girmamawa don da su mu ke dogara, ina roƙon in ɗalibi ya zo da fushi ya ce a datse, ku ce masa ya zauna ya sha ruwa tukuna, ku zare caja ku gwada, ku duba batir. Kuɗin aikin da za ku rasa yau, amana za ta mayar muku da shi gobe.

'Yan'uwa, iyakar abin da na ke da shi ke nan. Wanda ya ga na kauce, shafin nan a buɗe ya ke, ya rubuto mu ji nasa dalili, gama da haka a ke ƙaruwa. Amma kafin fitowa ta gaba, ina roƙon kowane mai kwamfuta ya ajiye ta a kan tebur yau da dare, ya duba ko faifanta ya yi tudu. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu sa'ar karatu.

Naku,
Wani ɗalibin shekara ta uku, Mubi.